Ku Tambayi Malama Kafin Ku Saya

'Ya'yana da ƙannena mazauna Bronx da Harlem: Ina ganin ƙoƙarinku, kuma ba na rena shi. In ɗan'uwa ya rasu, kafin a yi sallar la'asar kun haɗa kuɗin jana'iza ko na kai gawa gida. In azumi ya zo, tukunyar masallaci ba ta sauka daga kan wuta. Rijiyoyin da kuka haƙa a ƙauyukan Maradi da Tawa, da azuzuwan Islamiyya da kuka rufa wa kwano a Nima da zangon Kumasi, Allah kaɗai ya san adadinsu. Ba zan ce ku rage ko sisi daga wannan ba. Abin da nake so in nuna muku wata ƙofa ce ta alheri da ke nan kusa da ku, wadda yawancinku kuke wucewa ta gabanta kullum a hanyar zuwa aiki, wato ajin da ake koya wa samari da 'yan mata sababbin zuwa Turanci a makarantun sakandare na unguwanninmu.

Kun san yaran da nake nufi. Wasu 'ya'yanku ne da kuka bari a hannun kakanni shekara goma, sai da takardu suka fito kuka ɗauko su suna da shekara 15 ko 16. Wanda ya taso daga Nijar ya zo da Hausa da Zabarmanci da ɗan Faransancin makaranta. Wanda ya zo daga Gana ko Najeriya yana jin yana da Turanci, sai ya shiga aji ya tarar malama na magana kamar ana kora ta, bai kama ko rabi ba. A gefensa ga ɗan Gine mai Fulatanci, ga 'yar Senegal, ga ɗan Yaman, ga 'yan Jamhuriyar Dominika da Honduras masu Sifaniyanci, ga 'yar Bangladesh. Daga 2022 zuwa yau baƙi fiye da 200,000 suka shigo birnin Niyok neman mafaka, kuma da yawa sun zo da yara. A Amurka gaba ɗaya, ɗaliban makarantun gwamnati da ake lissafa su a matsayin masu koyon Turanci sun haura miliyan 5, kusan ɗaya cikin kowane goma.

Ƙaramin yaro ɗan shekara 6 ba shi ne abin damuwata ba. Shi wannan, ka sa shi aji a watan Satumba, kafin bazara ya fara gyara maka Turancinka. Matashi kuwa lissafinsa daban ne, domin lokaci ba ya gefensa. Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da nuna cewa Turancin hira, na filin ƙwallo da kanti da tashar jirgin ƙasa, yakan samu cikin kamar shekara 2, amma Turancin karatu, wanda ake rubuta bayanin kimiyya da tarihi da shi, yakan ci shekara 5 zuwa 7. To ku lissafa. Jihar Niyok ta ba matashi damar zama a makarantar gwamnati kyauta har ya kai shekara 21. Yaron da ya sauka yana da 17, shekara 4 gare shi ya koyi harshen, ya kuma ci darussa da jarrabawar Regents da aka daɗe ana bi ta kanta kafin a sami takardar kammala sakandare. Yana wannan fama ne alhali abokinsa na ɗaki ya sami keken kai wa mutane abinci yana shigo da kuɗi kowane mako, ita kuma yarinya ga shagon kitso a titi na 125 yana kiranta, ga 'yan gida suna bugo waya suna tambayar yaushe za a fara gani a ƙasa. Duk makon da irin wannan yaro ya zauna a aji bai fahimci komai ba, mako ne da ke matsar da shi kusa da ƙofar fita.

Bayan ƙarancin lokaci sai kunya, kuma mu Hausawa ba sai an yi mana bayanin kunya ba. Saurayin da gemu ya fara tsiro masa, wanda a gida ya sauke Alƙur'ani ko ya riƙe shagon babansa shi kaɗai, yau an ajiye shi a inda ba zai iya neman izinin zuwa bayi ba sai da nuni. Masu koyar da harshe sun san sabon ɗalibi yakan yi makonni, wani ma watanni, bai ce uffan ba, yana saurare yana tarawa, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma shirun mai tarawa daban, shirun wanda ya ji an muzanta shi daban. Na biyun in ya kama yaro, sai ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ya koma kujerar baya, daga nan sai fashi, daga fashi sai a daina ganinsa.

Doka ta yi nata. Tun 1974 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Lau da Nichols wadda aka yi a kan yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a San Francisco, ta ce bai wadatar a ba yaro kujera da littafi iri ɗaya da na kowa ba in ba ya jin harshen da ake koyarwa da shi. A 1982 kuma, a shari'ar Plyler da Doe daga jihar Texas, ta hana a rufe wa yaro ƙofar makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama. A nan jihar Niyok, ɗan sakandaren da aka gwada aka ga yana matakin farko cikin matakai 5 na iya Turanci, haƙƙinsa ne a ba shi minti 540 na darasin Turanci na musamman kowane mako. Abincin rana ma kyauta ne ga kowane ɗalibi a birnin tun 2017. Sai dai doka tana ba da malami da kujera da awoyi, ba ta bin yaro ta duba ko akwai biro a jakarsa. Wannan giɓin malamai ne ke cike shi daga aljihunsu. Binciken ma'aikatar ilimi ta tarayya a kan shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015 ya nuna kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun sayi kayan aji da kuɗinsu ba a biya su ba, kowanne kimanin dala 479. Abin da hukumar haraji ke yarda malami ya cire daga lissafin kuɗin shigarsa saboda wannan, dala 250 ne shekara da shekaru, sai a 2022 aka ɗaga zuwa 300. Malamar da ke shiga aji 5 a rana, wadda sababbin ɗalibai ke sauko mata a kowane wata, ku gaya mini ina wannan zai kai ta.

Na san abin da wani zai ce: ƙasa mai arziki kamar wannan, mu direbobin tasi da masu gadi da masu kula da tsofaffi a gidaje ne za mu saya wa makarantarta fensir? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, zan kuma dawo kanta. Amma yaron da ya shiga aji ranar Litinin ba zai jira a gama muhawarar kasafin kuɗi ba.

Ku fara da abin da ya fi komai araha, littafin rubutu mai baƙin bango da ɗigo-ɗigon fari, wanda aka ɗinke takardunsa ba a saurin yage su. Ga wanda Turanci harshen gidansu ne, wannan wurin kwafe darasi ne kawai. Ga mai koyo kuwa, a ciki yake gina ƙamus nasa na kansa: kalma a hagu, ma'anarta da Hausa ko Faransanci ko ajami a dama, ɗan zane a gefe, sai jimla guda da ya ƙirƙira da kansa. Kalmar da yaro ya rubuta da hannunsa, ya sake buɗawa a cikin jirgin ƙasa a hanyar komawa gida, ta fi zama a kai bisa wadda ya gani a allo ta wuce. Wasu malaman kuma suna mai da littafin wurin hira: ɗalibi ya rubuta layi uku a kan abin da ya ga dama, malama ta amsa masa a ƙasa ba tare da jan biro ba, ta mayar masa da kalmominsa a gyare cikin amsarta. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ka ga ta cika shafi tana ba da labarin kakarta. Wannan ba ya yiwuwa a kan warwatsattsun takardun da aka ara daga maƙwabci, waɗanda kafin Juma'a sun dagargaje a gindin jaka.

Abu na biyu da nake so ku sa wa ido shi ne ƙaramin farin allo na hannu, da makar rubutu a kansa, da ɗan ƙyallen gogewa. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane hikimarsa nan take: ka rubuta, a duba, ka wanke, kuskuren jiya bai bar tabo ba. Malama takan yi tambaya, kowa ya rubuta amsa a allonsa, a ɗaga gaba ɗaya. Ita tana ganin amsar mutum 25 a lokaci guda, ta san wa ya gane wa bai gane ba, kuma ba wanda aka tsayar a gaban jama'a yana in'ina ana dariya. Mai jin kunyar furta kalma ya sami hanyar amsawa tun bakinsa bai buɗe ba. Akwai kuma yaran da karatunsu ya katse shekaru saboda yaƙi ko hijira ko talauci, da waɗanda iliminsu duk na Arabiyya ne, hannunsu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu. Irin waɗannan sai sun maimaita harafi sau da yawa kafin ya zauna, kuma ba saurayin da ke son a ga littafinsa cike da baƙaƙen 'yan aji ɗaya. A allo yana yi yana gogewa. Allunan sukan yi shekaru, makar ce ke bushewa, kuma ita ce masu kyauta suka fi mantawa da ita.

Yanzu ga inda na fi so ku natsu, maganar littattafan karatu, domin a nan mai kyakkyawar niyya ya fi yin ɓarna. Ɗabi'armu ce in aka ce makaranta na neman littattafai, sai kowa ya kwaso abin da ya tare masa wuri a gida: tsohon kundin lissafin kuɗi na kwaleji, littafin labari mai shafi 500, ko na jarirai mai hoton agwagwa. A cika kwali, a kai, a ɗauki hoto. Malama ta yi godiya, domin tana da ladabi, sannan ta nemi inda za ta tura kwalin.

Ba ni kaɗai na faɗa ba, an gwada an gani. A yammacin Kenya, daga tsakiyar shekarun 1990, wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan ta raba littattafan darasi na hukuma a makarantun firamare na karkara, masana uku kuma, Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin, suka bi sawun abin. Sakamakon da suka buga a 2009 ya ba mutane mamaki: makin yawancin yaran bai motsa ba, sai na waɗanda dama su ne kan gaba a aji. Dalili kuwa, littattafan da Turanci aka rubuta su, Turanci kuma harshe na uku ne ga yawancin yaran, ba su iya karanta su ba. Ku ajiye wannan gefe, ku dubi abin da ya faru a tsibirin Fiji a 1980. Can Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafan labari masu sauƙi da daɗi, kimanin 250 ga aji, a wasu makarantun karkara inda Turanci baƙon harshe ne, aka ware lokaci kullum don karanta su. Cikin watanni 8, ci gaban yaran a fahimtar karatu da saurare ya kusan ninka na takwarorinsu da suka tsaya a kan darasin da aka saba. Can littafi, nan littafi, amma ɗaya an zaɓe shi daidai bakin mai ci, ɗaya kuwa an ajiye shi inda hannu ba ya kai.

Gaskiya ne yaran Fiji ƙanana ne. Matsalar matashi ta fi tasu wuya, domin yana bukatar harshe mai sauƙi kamar na yaro, amma labari na manya. Ka ba ɗan shekara 17 littafin agwagwa, ka zage shi. Ka ba shi littafin da 'yan ajinsa haifaffun nan ke karantawa, ka rufe masa ƙofa. Akwai littattafan da aka rubuta musamman don wannan tsaka-mai-wuya: gajeru, jimloli masu sauƙi, kalmomi ƙidayayyu, amma labarin ƙwallo ne, ko soyayya, ko laifi da bincike, ko rayuwar baƙo a sabon gari, bangonsu kuma ba ya tona asirin mai riƙe da su a cikin bas. Jerin Oxford Bookworms da na Penguin Readers an tsara su mataki-mataki bisa yawan kalmomi, kamfanin Saddleback kuma ya shahara da na matasa. Littattafan labari cikin zane su ma suna aiki ƙwarai, hoto na ɗauke rabin nauyin kalma. Wani masani, Stephen Krashen, ya shafe shekaru yana nanata cewa harshe yana shiga ne ta hanyar abin da mutum ya ji ko ya karanta ya kuma fahimta, wanda ya ɗara matakinsa da kaɗan. Ba kowane masani ya yarda da duk abin da ya faɗa ba, amma ban ga malamin aji da ke musun wannan gaɓar ba. Ranar da yaro ya rufe littafin Turanci na farko da ya karanta daga bango zuwa bango, ko da shafi 40 ne, tafiyarsa ma takan canza. Irin waɗannan littattafai ba a samun su a kwandon gwanjo, sai an saya, kuma ɗaya ba ya isa, domin aji guda yakan haɗa mai matakin farko da mai na huɗu.

Sai ƙamus. Za ku ce ai ga waya, kuma Google Translate ya san Hausa tun 2013. Haka ne, yana kuma taimako, ko da yake wani lokaci yakan fassara maka abin da kai da kanka ba za ka gane ba. Amma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, kuma daga shekarar karatu ta 2025 jihar ta taƙaita riƙe waya a makaranta tun daga kararrawar safe har ta tashi, duk da an bar ƙofa ga mai bukatar fassara. Abin da ƙa'ida ta yarda mai koyon Turanci ya shiga jarrabawar jiha da shi, bayan ƙarin lokaci, shi ne ƙamus mai ba da kalma da takwararta kawai, ba mai dogon bayani ba. Ana fassara wasu jarrabawar Regents zuwa harsuna irin su Sifaniyanci da Sinanci da Rashanci, amma babu Hausa a ciki. Ɗan Dominika yana da takardar tambayoyi cikin harshensa, ɗanmu kuwa ƙamus ne babban gatansa, kuma makaranta ba za ta san akwai ƙamus na Hausa ba sai mun faɗa mata. Akwai su kuwa. Ban da manyan nan na Bargery na 1934 da na Abraham, waɗanda sun fi ƙarfin jakar ɗalibi, akwai na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman na 2007, da ƙaramin na Nicholas Awde da kamfanin Hippocrene na nan Niyok ya buga a 1996. Ku nuna wa malama, ita za ta faɗa muku wanda ya dace da ƙa'idar jarrabawa. Ɗan Nijar da ya yi nisa a makarantar boko, sau da yawa na Faransanci da Turanci ya fi yi masa amfani, domin kalmomin kimiyya da lissafi da Faransanci ya san su, da yawansu kuma kusan ɗaya suke a harsunan biyu. Wanda ya fito daga Islamiyya, wataƙila na Larabci. A kuma ba shi tun farkon shekara ya saba da buɗa shi. Ƙamus ɗin da aka miƙa wa yaro ranar jarrabawa cinye masa lokaci kawai zai yi.

Sauran kayan ba sai na daɗe a kansu ba. Abin saurare na kunne mai haɗe da makirfo yana ba yaro damar jin littafi ana karanta masa yana bi da ido, ya naɗi muryarsa ya saurara ba wanda ya ji shi. Turanci harshe ne da rubutunsa da furucinsa ba sa tafiya tare, dole sai kunne ya taimaki ido. Ƙamus mai hotuna, katunan rubuta kalmomi, manyan takardun mannawa a bango, duk suna da wurinsu. Kalkuleta mai zana jadawali, irin TI-84 da ake aiki da ita a darasin aljabara, kuɗinta ya haura dala 100, kuma lissafi shi ne darasin da sabon zuwa ya fi saurin nuna kansa a ciki tun Turancinsa bai nuna ba. Kada kuma ku yi mamaki in kun tambayi malama ta ce muku safar hannu da rigar sanyi take so, ko audugar mata, ko man shafawa da abin kashe warin jiki. Yarinyar da ta sauka daga Damagaram a watan Janairu da gyale da silifas ba darasin nahawu ne farkon bukatarta ba. Malamai da yawa suna da wata durowa da suke ajiye irin waɗannan, yaro ya ɗauka ba wanda ya sani.

To yaya za a bayar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku je makarantar, ku nemi jami'in hulɗa da iyaye, wanda kusan kowace makarantar birnin tana da shi, ku ce a haɗa ku da malaman Turancin sababbin zuwa, ku tambaye su abin da ya ƙare musu. In Turancinku bai kai ba, haƙƙinku ne makaranta ta samo muku tafinta, ko ta waya ce. A rubuto muku jerin, da sunan littafi da matakinsa da adadi, ku sayi abin da aka rubuta, kada ku sauya da abin da ya fi muku kyan gani. Wanda kuma ba ya samun sukunin zuwa, akwai ƙungiyar DonorsChoose, wadda a nan Bronx aka haife ta: wani malamin tarihi a makarantar Wings Academy, Charles Best, shi ya kafa ta a 2000. Malami ne ke rubuta abin da ajinsa ke bukata, ƙungiyar ta tantance, mutane su sa abin da ya sawwaƙa komai ƙanƙantarsa, in kuɗin ya cika ita ce ke sayen kayan ta aika makaranta, ba a damƙa wa kowa kuɗi a hannu. Kuna iya neman makarantar unguwarku da sunanta a wurinta. Na ga masu ƙorafin cewa tsarin yana fifita malamin da ya iya tallata bukatarsa, kuma akwai gaskiya a ciki, shi ya sa na fi son ku fara da taka ƙafa zuwa makarantar da ke kusa da ku.

Ku lura da lokaci. A watan Agusta kantuna na karya farashin kayan makaranta, coci-coci da masallatai da 'yan siyasa kowa na rabon jakunkuna, har abin ya yi yawa. Amma baƙo ba ya duba kalandar makaranta kafin ya iso. Yana zuwa a Nuwamba, yana zuwa a Fabrairu, lokacin da kabad ɗin malama ya zama wayam, masu rabo kuma sun watse. In kuna da dabara, ku saya a Agusta da araha, ku ajiye rabi, ku kai a tsakiyar sanyi. Kuma ƙaramin abu da ake kawowa duk shekara ya fi babban da aka yi sau ɗaya aka yi shiru, domin malama tana iya tsara darasinta a kan abin da ta tabbata zai zo.

Ina roƙonku da girman Allah, ku bar ɗaukar hoton yaran. Na san ƙungiya tana son ta nuna wa masu ba da gudummawa inda kuɗinsu ya tafi, wannan kuma daidai ne. Ku ɗauki hoton kayan da rasit, ya wadatar. Saurayin da aka tsayar a layi aka miƙa masa jaka ana haska shi, gobe hotonsa na yawo a WhatsApp har garinsu, inda uwarsa ke gaya wa maƙwabta ɗanta na Amurka, kun ba shi jaka kun karɓe abin da ya fi jaka. Wasunsu ma shari'ar neman mafakarsu na gaban alƙali, bayyanar fuskarsu ba alheri ba ce gare su. Ku ba malama, ta ajiye a aji a matsayin kayan kowa. Kada kuma ku ce sai 'ya'yan Hausawa ko sai Musulmi. Aji ɗaya suke zaune, ɗan Honduras ɗin nan shi ne abokin da ɗanku zai fara gwada Turancinsa a kansa, tunda ba su da wani harshen da ya haɗa su.

Na ce zan dawo kan mai cewa wannan aikin gwamnati ne. Aikinta ne, kuma kyautarku ba ta sauke mata shi ba. Littafin rubutu ba ya zama malami. In makaranta ba ta ba yaro awoyin da doka ta yanka masa, ko ta cusa shi a ajin da ba mai kula da shi, kwalin maka ba zai gyara wannan ba, sai iyaye sun je sun yi magana. Amma na lura wanda ya saba shiga makaranta da kaya a hannu, ya san malamai da sunayensu, shi ne ake saurara ranar da ya zo da ƙorafi. Akwai makarantu a birnin nan da aka gina su musamman don matasa sababbin zuwa, tun daga ta farko da aka buɗe a harabar kwalejin LaGuardia a 1985, yanzu kuma akwai irinsu a Bronx. Iyaye da yawa ba su san suna da damar neman a kai ɗansu can ba, sai sun shiga cikin harkar suke ji.

Wani abu kuma da ba ya cin ko dala ɗaya. Ranar da kuka je sa yaro makaranta, za a ba ku takarda ana tambayar harshen da ake yi a gida. Na sha ganin iyaye, musamman 'yan Gana da Najeriya, suna rubuta Turanci kawai, wai kada a ɗauki ɗansu baƙauye ko a mayar da shi baya. Wannan takardar ita ce ke sa a gwada yaron a ga ko yana bukatar taimako, in ba a gwada shi ba kuwa, ba shi da awoyin nan na musamman, ba ƙarin lokaci a jarrabawa, ba izinin shiga da ƙamus, kuma ajin da kuke tara wa kayan ma ba zai taka shi ba. In Hausa kuke yi a gida, ku rubuta Hausa. In yaron ya ci gwajin, shi ke nan, ba abin da ya rage shi da shi. Ku kuma gaya wa sababbin zuwa wannan tun a masallaci, kafin su je ofishin rajista.